Gaz ɗin firijo: wa'adin 2030 na matsowa, masu ɗakunan sanyi na iya biya sau biyu

Tun ranar 1 ga watan Janairun 2025, yawan gaz ɗin R-22 da Nijar da sauran ƙasashe masu tasowa ke da izinin amfani da shi ya koma ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na abin da suke sha a shekarun 2009 da 2010. Ranar 1 ga Janairun 2030 kuma ƙofar za ta rufe, sai ɗan abin da bai wuce kashi 2 da rabi cikin 100 ba, wanda aka bari don gyaran tsofaffin na'urori har zuwa 2040. Wannan gaz, da masu gyara ke haɗa shi da ƴan uwansa su kira su duka "fureyon", shi ne ke zagayawa cikin bututun tsofaffin ɗakunan sanyi, da injinan ƙanƙara, da kilim ɗin ofisoshi da otel-otel da dama, daga Yamai har Damagaram.

Ba magana ce da ake tayarwa a fada lokacin shan shayi ba. Amma ta shafi mai sayar da daskararren kifi, da mai yawur, da mahaucin da ke kwana da nama, da mai kantin magani, da ɗakin ajiyar gawa na asibiti. Ta kuma shafi ɗan ci-rani da ke Abijan ko Tirabulus ko Beljiyam, wanda ya tara kuɗi ya aiko wa gida da firiza domin ƙanwarsa ta riƙa sayar da ƙanƙara da lamurje. Duk wanda jarinsa ke cikin sanyi zai fuskanci tambaya guda nan da ƴan shekaru: ya sauya wa tsohuwar na'urarsa gaz, ya ci gaba da lallaɓa ta, ko ya sayi sabuwa? Amsar da ta fi sauƙi a yau, wadda kasuwa ke miƙo wa mutane, ita ce wadda za ta sa su sake kashe kuɗi karo na biyu.

Asalin lamarin yarjejeniyar Montreal ce ta 1987, wadda duk ƙasashen duniya suka amince da ita bayan masana sun gano cewa wasu sinadarai na cinye rufin iskar ozon da ke kare ƙasa daga hasken rana mai cutarwa. An fara da R-12, gaz ɗin tsofaffin firijo da motoci, wanda aka haramta wa ƙasashe masu tasowa daga 2010. Sai aka juya kan R-22: an tsayar da ƙaruwarsa a 2013, aka rage kashi 10 cikin 100 a 2015, kashi 35 a 2020, sai kashi 67 da rabi a 2025. Yarjejeniyar ta yi aiki, domin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna rufin zai koma yadda yake a mafi yawan sassan duniya wajen 2040.

Sai dai gaz ɗin da masana'antu suka kawo a madadin, dangin da ake kira HFC, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Ba su taɓa ozon, amma suna riƙe zafi a sararin samaniya fiye da misali. Kilo ɗaya na R-22 idan ya tsere yana ɗumama duniya kamar kilo 1,810 na iskar carbon. Na R-134a, wanda ke cikin ƙananan firijo da motoci, kamar kilo 1,430. Na R-404A, wanda ya zama sarkin ɗakunan daskarewa, kamar kilo 3,922, kusan tan huɗu ke nan. Shi ya sa a watan Oktoban 2016 ƙasashe suka sake zama a Kigali, suka ƙara HFC cikin yarjejeniyar. Mali ce ta fara tabbatar da wannan gyara, Nijar da Najeriya suka biyo baya a 2018. Ga rukunin da Nijar ke ciki, an tsayar da ƙaruwar HFC daga 2024, za a rage kashi 10 cikin 100 a 2029, kashi 30 a 2035, rabi a 2040, kashi 80 a 2045.

Tarkon R-404A

Wa'adi biyu ke nan suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma a nan haɗarin yake. Mai ɗakin sanyi da ya ji an ce R-22 zai ƙare, ya kira mai gyara, abin da ya fi kusa da hannu shi ne R-404A. Akwai shi a shaguna, kwamfuresa masu aiki da shi sun cika kasuwa, masu gyara sun saba da shi, kuma yana daskarar da kaya sosai. Wanda ya bi wannan hanya ya bar gaz ɗin da zai ƙare a 2030 ya koma wanda zai fara wuya daga 2029, kuma wanda ya ninka na farkon illa ga yanayi fiye da sau biyu.

Dalilin da ya sa R-404A zai riga sauran wuya yana cikin yadda ake lissafin kason kowace ƙasa. Ba da kilo ake auna shi ba, da ƙarfin ɗumama yanayi ake auna shi. Ɗan kasuwar da aka ba izinin shigo da gaz, idan ya kawo kilo ɗaya na R-404A, ya cinye gurbin da zai ɗauki kusan kilo uku na R-134a, ko kusan kilo shida na R-32 da sababbin kilim ke sha. Duk mai hankalin ciniki ya san wanda zai zaɓa. Ba hasashe ba ne: haka ta faru a Turai, inda farashin R-404A ya ninka sau da yawa tsakanin 2017 da 2018 lokacin da aka fara matse kason, kafin Tarayyar Turai ta hana zuba sabonsa cikin manyan na'urori daga 2020.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da ƙasa irin Nijar. An gina ma'aunin kason HFC ne a kan abin da ƙasa ta sha tsakanin 2020 da 2022, shekarun annobar korona da ciniki ya ja baya, aka ƙara mata wani kaso daga tsohon ma'aunin R-22. Wannan rufi ba ya ɗagawa. A ƙarƙashinsa kuwa al'ummar da ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17 yanzu ta haura miliyan 25, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wutar lantarki. Kowace unguwa da Nigelec ta ja wa waya, kowane ƙauye da aka kafa wa faifan hasken rana, sababbin firijo ne ke shiga. Buƙata na hawa, kaso na sauka. Ana yawan cewa Nijar na cikin ƙasashe 34 masu tsananin zafi da yarjejeniyar Kigali ta yi wa sassauci, kuma gaskiya ne, amma sassaucin ya tsaya ne a kan wasu nau'o'in manyan na'urorin sanyaya ɗaki. Firiza da ɗakin sanyi da injin ƙanƙara ba su ciki.

Sauya gaz ba sauya man mota ba ne

Mutane da yawa na ɗaukar aikin kamar juye tsohon mai a zuba sabo. Ba haka yake ba. An ƙera kowace na'ura ne a kan gaz ɗin da za ta sha: girman kwamfuresa, kaurin bututu, bawul ɗin da ke sakin gaz cikin ɗakin, har da man da ke shafe cikin kwamfuresa.

Man shi ne matsala ta farko. Na'urorin R-22 na aiki da man da aka tace daga ɗanyen mai, wanda ke narkewa cikin gaz ɗin, ya bi shi cikin bututu ya dawo gida. HFC ba sa gauraya da irin wannan mai. Idan aka zuba su a kansa, man na fita daga kwamfuresa ya kwanta a bututun ɗakin sanyi, bai dawo ba. Sanyi ya ragu, kwamfuresa ta bushe, wata rana ta ƙone. Dole a zubar da tsohon man a sa wani na haɗi mai suna POE, wani lokaci a wanke har sau biyu ko uku. Shi kuma POE yana tsotsar laima daga iska kamar gishiri a damina. Galan da aka bari a buɗe a shago ya lalace ko da ido bai gani ba, kuma laimar da ya kwasa takan zama sinadari mai cin wayoyin kwamfuresa.

Sai robobin mahaɗa. Shekaru suna shan R-22 sun kumbura sun toshe kowace kafa; da an sauya gaz sai su motse, yoyo ya ɓarke a wuraren da ba su taɓa yoyo ba. Dole a canza su, a canza matacin da ke tsotse laima, a daidaita bawul ko a sa wani, a zuƙe iskar cikin bututu da famfo na musamman har ta ƙare tas, sannan a auna sabon gaz da sikeli, ba da taɓa bututu da tafin hannu ba. Yawancin gaz ɗin da aka haɗa don maye gurbin R-22 da R-404A, irin su R-407F da R-448A da R-449A, gauraye ne na sinadarai uku zuwa biyar da ba sa tafasa a lokaci guda. A ruwa-ruwa ake ɗura su, ba a tururi ba, in ba haka ba abin da ya shiga na'urar ba shi ne abin da ke rubuce a jikin tukunya ba. Daga ƙarshe a manna takarda a jikin injin da ke faɗin abin da aka zuba da ranar da aka zuba, saboda mai gyaran da zai zo baɗi.

Abin da ya fi kowanne muni, kuma ya fi kowanne sauƙi, shi ne ciko: na'ura ta rage sanyi, a kawo duk gaz ɗin da ya samu a ƙara a kan na ciki. Haɗin da ya fito ba shi da suna, babu jadawalin da zai faɗi matsin da ya kamata ya ba da, kuma ba za a iya tace shi a sake amfani da shi ba. Mai na'urar ya ga sanyi ya dawo ya biya ya yi godiya, bayan wata uku ya sayi kwamfuresa.

Ko da an yi aikin bisa ƙa'ida, R-448A da R-449A ba masauki ba ne na dindindin. Ƙarfin ɗumamarsu na kusa da 1,400, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na R-404A, kuma wannan ci gaba ne na gaske ga wanda ke da babban ɗaki mai sauran ƙarfi. Amma su ma HFC ne ke cikinsu, suna ƙarƙashin kaso, sun fi tsada, kuma suna sa kan kwamfuresa ya yi zafi fiye da R-404A idan ana daskarewa. A ƙasar da ma'aunin zafi ke kai 45 a watannin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Zafi, ƙura da ɗaukewar wuta

Littattafan da kamfanoni ke bugawa kan sauya gaz an rubuta su ne da yanayin wasu ƙasashe a zuciya. Na'urar sanyi ba ta ƙirƙirar sanyi, zafi take kwasowa daga ciki ta zubar a waje ta ragar da fanka ke hurawa. Idan iskar wajen ta kai 45, gaz ɗin cikin ragar sai ya haura 55 kafin ya iya sakin zafinsa. Kowane gaz na da iyakar zafin da in ya wuce ba ya komawa ruwa, kuma tun kafin a kai iyakar ƙarfinsa ke raguwa. Ta R-22 tana wajen 96, ta R-404A wajen 72. Ma'ana tsohon gaz ɗin ya fi wanda ake maye gurbinsa da shi jure bazarar Tawa, kuma wanda ya sauya zai ga bambancin a takardar kuɗin wuta.

Wannan ne kuma ya sa iskar carbon, wato R-744, da manyan kantunan Turai suka runguma, ba ta zama amsa mai sauƙi a Sahel ba. Iyakarta 31 ce kawai, tana aiki da matsin da ya ninka na R-22 sau da yawa, kuma kafin ta yi aiki da kyau a ƙasa mai zafi sai an ƙara mata kayan da ke da tsada da wuyar gyara. Ba a zuba ta cikin tsohuwar na'ura ko kaɗan. Ammoniya kuwa, wadda masana'antun ƙanƙara da manyan mayanka ke amfani da ita fiye da shekara ɗari, ba ta ɗumama yanayi kuma tana da ƙarfi, amma guba ce, tana cin jan ƙarfe, wurinta babbar masana'anta mai injiniya a tsaye.

Sai wuta. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke sha daga Najeriya yake zuwa. Da aka katse layin a watan Agustan wannan shekara, har zuwa Maris na 2024 da aka maido shi, masu sana'ar sanyi sun ga abin da ɗaukewar wuta ke yi wa kwamfuresa. Wuta ta tafi ta dawo cikin minti biyu, injin ya yunƙura ya tashi alhali matsin cikin bututu bai sauka ba. Ko ta dawo da rauni, injin ya yi ta gurnani yana zafi. Ƙaramar na'urar da ke jinkirta tashin kwamfuresa na ƴan mintoci, da mai daidaita ƙarfin wuta, kuɗinsu bai kai na tukunyar gaz ɗaya ba. Haka wanke ragar da ƙurar hunturu ta toshe, da yi mata rumfa. Kowace kwamfuresa da ta ƙone, gaz ɗin cikin na'urar yakan tafi iska ne, a sake saye.

A nan ne lissafin ya kamata ya fara, kafin a kai ga zancen sauya gaz. Na'urar da ba ta yoyo ba ta cin gaz. Abin da aka zuba mata ranar farko zai iya kai ta ƙarshen rayuwarta. Alƙaluman kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna matsakaita da manyan na'urorin kasuwanci na zubar da kashi 10 zuwa 35 cikin 100 na gaz ɗinsu a kowace shekara. A ɗauki misalin ɗaki mai kilo 20 da ke zubar da rubu'i: kilo biyar ke nan duk shekara, cikin shekara huɗu an sake sayen gaz ɗin ɗakin gaba ɗaya. Yarjejeniyar Montreal ba ta hana kowa ci gaba da aiki da na'urar R-22 bayan 2030 ba, sabon gaz ta hana kawowa, kuma wanda aka kwashe daga wata na'ura aka tace ba ya shiga lissafin kaso. Don haka mai tsohon ɗakin da ya rage masa shekara biyar ko shida, ya fi masa riba ya toshe yoyo, ya tanadi gaz ɗin da aka kwashe, ya tara kuɗin sabo, da ya kashe rabin kuɗin sabon wajen mayar da tsohon R-404A.

Furofan: mafita da ke kama wuta

Ga ƙananan na'urori, duniya ta riga ta yanke shawara. Yawancin sababbin firijon gida yanzu da R-600a suke zuwa, firizar shago da firijon lemo masu ƙofar gilashi kuma da R-290, wato furofan da aka tace. Ƙarfin ɗumamarsu 3 ne kacal, ba sa cikin kaso, suna cin wuta kaɗan, kuma iyakar zafin furofan ta kai ta R-22. Firijon allurar rigakafi masu aiki da hasken rana da ake kai wa cibiyoyin lafiya na karkara da irin wannan gaz suke aiki. A Najeriya kamfanin ColdHubs ya kafa ɗakunan sanyi masu hasken rana a kasuwanni, su ma da furofan. A 2019 an ɗaga ƙa'idar duniya ta yawan irin wannan gaz da za a iya zuba wa na'urar kasuwanci mai haɗe da injinta, daga giram 150 zuwa 500.

Amma wannan magana ce ta na'urar da aka ƙera domin furofan, wadda aka rufe makunnanta da duk inda tartsatsi zai iya fita. Zuba shi cikin tsohon ɗakin R-22 wani abu ne daban, kuma jarabar yin hakan babba ce, domin matsinsu ya yi kusa, yana tafiya da tsohon mai, kuma ƙasa da rabin nauyin ya isa. Furofan ya fi iska nauyi; idan ya zurara yakan kwanta a ƙasa, kuma da ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin fitila ya isa. Ɗakin sanyi kuwa akwati ne da aka toshe ko'ina. Asusun da ke ɗaukar nauyin yarjejeniyar Montreal da kansa ya yanke a 2014 cewa duk ƙasar da ta sauya tsofaffin na'urori zuwa gaz mai kama wuta, ita ke ɗauke da alhakin abin da ya biyo baya.

Gaz ɗin girki kuma ba R-290 ba ne, ko da yake dangi ɗaya ne. Tun da matatar Soraz ta fara aiki a Damagaram a 2011 tukunyar gaz ta shiga gidaje da yawa, kuma ranar da gaz ɗin firijo ya yi tsada, ita ce za ta fi kusa da hannun yaron shago. Abin da ke cikinta gauraye ne da ba a auna don na'ura ba, da laima, da sinadarin warin da ake sa masa don a ji in ya zurara. Mai gyaran da ya zo daga baya da wutar walda, bai san abin da ke cikin bututun ba, shi ne ke kan gaba a haɗari.

Abin da ke tsallako iyaka

Duk inda halattaccen kaya ya yi wuya, jabu ke cike gurbin. Tukwanen gaz da ake yarwa bayan sun ƙare an saba gane su da launi, kore-kore na R-22, shuɗi na R-134a, ruwan lemo na R-404A, amma fenti ba shaida ba ne. A 2011 kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka mutu, bincike ya gano jabun R-134a ne da aka gauraya da wani sinadari mai suna R-40, wanda ke cin sanholon cikin kwamfuresa ya haifar da abin da ke kama wuta da kansa. Ba a gane irin wannan sai da na'urar tantance gaz.

Nijar na da iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500 da Najeriya, kuma abin da ake sayarwa a Kano yau yana iya kwana a Maraɗi ta Ɗan Isa ko a Damagaram ta Magarya. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara wa kayan can araha ga mai riƙe da sefa. Ƙungiyar UEMOA na da dokar bai-ɗaya tun 2005 kan shigo da sinadarai masu cin ozon da na'urorin da ke ɗauke da su, kuma tsarin lasisi da kaso ya dogara ne ga jami'in duwan da ke iya bambance tukunya da tukunya. Kaso a takarda ba ya hana tukunya hawa babur.

Tsofaffin na'urori su ne ɗaya ɓangaren, kuma a nan maganar ta iso ƙofar ƴan ƙasar da ke waje. Kantunan Turai na cire na'urorinsu na R-404A saboda dokokin can sun matse su, kayan kuma ba sa ɓacewa, jirgin ruwa suke hawa. Sunan "ɗan Kwatano" bai mutu ba ko da rufe iyakar Benin ya karkatar da kaya ta Lome. Ƙasashen Afirka, Gana a gaba, sun sha kai ƙara a tarukan yarjejeniyar Montreal kan yadda ake jibge wa nahiyar na'urorin da aka daina yayi. Gana ta hana shigo da tsofaffin firijo tun 2013. Daga watan Maris na 2025 sabuwar dokar Tarayyar Turai ta hana fitar da wasu nau'o'in na'urorin sanyi masu gaz ɗin da ƙarfinsa ya kai 1,000. Doka ce mai kyau, amma abin da aka riga aka tara a rumbuna da wanda ke fitowa daga wasu nahiyoyi zai ci gaba da neman mai saye.

Wanda zai aiko da firiza ko ya saya a Katako, abu ɗaya ya isa ya duba: ƴar takardar da ke manne a bayan na'urar ko a jikin kwamfuresa. Idan an rubuta R-12 ko R-22, kaya ne da gaz ɗinsa ya ƙare ko yake gab da ƙarewa. Idan R-404A ne ko R-507, ɗawainiya ce aka sayo. R-134a zai daɗe ana samunsa. R-600a da R-290 su ne masu gaba. Akwai kuma harafin da ke nuna yanayin da aka ƙera na'urar dominsa: T na nufin za ta jure zafi har 43, N kuwa 32 ne iyakarta. Firijon da aka yi wa ɗakin girkin Burasel ba ya hutawa a Agadas.

Wa zai biya?

Asusun yarjejeniyar Montreal ya samu alƙawarin dalar Amurka miliyan 965 na shekarun 2024 zuwa 2026, mafi girma a tarihinsa, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko da suka gabatar masa da tsarinsu na rage HFC. Sai dai a ƙasar da ba ta ƙera na'urori, kason da ke zuwa ba mai yawa ba ne, kuma yana tafiya ne ga ofishin kula da ozon na ma'aikatar muhalli, da horar da jami'an duwan da masu gyara, da sayen kayan aiki. Ba a tsara shi don ya saya wa mai kifi sabon ɗaki ba. Wannan nauyi na kan mai jari, a ƙasar da bashin banki ke da tsada kuma yawancin masu wannan sana'a ba su da takardun da banki ke nema.

Shi ya sa duk tsarin ya rataya a wuyan mai gyara. Mafi yawansu a gaban ubangida suka koyi aikin, kuma sun ƙware wajen tayar da injin da wani zai jefar. Abin da sabon zamani ke nema gare su shi ne kayan aiki: injin kwashe gaz da tukunyar ajiye shi, famfon zuƙe iska, sikeli, na'urar gano yoyo, da sanin yadda ake aiki da gaz mai kama wuta. Horon kwana uku a otel ba ya isa idan mutum ya koma shago babu ko ɗaya daga cikinsu. Kuma muddin mai na'ura na biyan kuɗin ciko da sauri amma yana jayayya a kan kuɗin neman yoyo, mai gyara zai ci gaba da yin abin da ake biyansa. Shaidar ƙwarewa da hukuma ta amince da ita, da sharaɗin cewa asibitoci da ma'aikatun gwamnati ba za su ba da aiki ba sai ga mai riƙe da ita, za su fi kowace sanarwa tasiri. Haka ma rage kuɗin duwan a kan na'urorin R-290 da kayan gyaransu, da daina sayen sababbin na'urorin R-404A da kuɗin gwamnati. Ga matasan da ke neman sana'a a birane kuwa, wannan fage ne da aikinsa ba zai yanke ba.

Masu ƙanƙara na da wani lissafin na daban. A shekarun nan azumi ya riƙa faɗowa cikin zafi, kamar na 2024 da ya zo daidai da tsananin zafin da ya kai 48 da rabi a garin Kayes na Mali, kuma a irin wannan wata ne mai injin ƙanƙara ke haɗa ribar da ke riƙe shi. Watan na matsowa baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara. A 2030 za a ɗauki azumi ne a makon farko na Janairu, tsakiyar hunturu, ƴan kwanaki bayan rufe ƙofar R-22.